Kunne Cikin Ruwa

Da sunan Allah na fara. Daga Bungudu, daga uwarki Hajo, zuwa ga ɗiyata da ke Gusau gidan gwaggonta Tabawa. Ina gaishe ki, ina fatan kin isa lafiya. Allah ya tsare ki a tudu, ya tsare ki a ruwa, ya tsare ki daga bakin mutane. Ki gaida gwaggonki, ki gaida ɗiyarta Kulu. Labarin gida kuwa ki tambayi wanda ya kawo miki takardar nan, ni ba don shi na zauna ba.

Da hannuna nake rubutu, shi ya sa za ki ga baƙaƙen sun karkace. Ban kai wa malami ba, don ba na so a gyara mini magana, kuma akwai abin da ba na so wani ya ji. Ke ce 'yar fari, ban saba zaunar da ke mu yi doguwar hira ba, ko sunanki ban taɓa kamawa ba. To yau na ajiye kunyar nan gefe, raina a ɓace yake, kuma sai kin karanta har ƙarshe.

Kin ɗauka ban ji ba? Ranar da za ki tafi, kina ɗaure kaya a zaure, kika ce wa babanki wai Inna ba ta so a wuce ta, shi ya sa take hana ki shiga ruwa. Ina bayan danga ina tsinkar rama, na ji da kunnena. Ni kike cewa ina kishi da ke? Ni da na goye ki har zanen goyo ya cinye mini ƙirji? Na haɗiye, na ce yarinta ce. Sai jiya mai daddawa ta dawo daga kasuwar Gusau tana washe baki, wai in yi murna, kalangu ya zaga gari, ran Juma'a 'yan mata za su yi tseren haye gulbi, kuma ɗiyata ta zo karɓar sunan uwarta. Wai har baƙin nan masu aikin hanyar jirgin ƙasa za su fito kallo. Na tambaye ta wace ce ta biyunki, tunda tun zamaninmu biyu-biyu ake shiga. Ta ce Kulu. Wallahi da kina kusa da ni a lokacin da kin sha mari. Ashe zuwa taya gwaggo aikin gona da kika ce, wannan ne aikin gonar.

Kin girma kina jin ana cewa ba a taɓa cin uwarki a ruwa ba. Kin ji rabin magana kin hau kai kin zauna. Bari in ba ki sauran, da wautata a ciki, ba zan rage komai ba.

Mu gidan masu fito ne, kin sani. Maza ke tura gora da kaya da mutane in gulbi ya cika. Mata kuwa, in ta kama dole su haye da jinjiri ko ƙullin gari, sai su kwanta rigingine su ɗora shi a ƙirji don kada ya jiƙe, su yi ta tura ruwa da ƙafa. Abin da aka yi iyon rigingine dominsa ke nan, ba don tsere ba. Kakata Yalwa ce ta koya mini ina 'yar shekara bakwai, tafin hannunta a ƙarƙashin bayana har na daina tsoro. Ni ce da rawar kaina na gano cewa in babu komai a ƙirji hannuwa biyu sun sami sake, sai na riƙa jefa su baya ɗaya bayan ɗaya. Kafin damina uku babu budurwar da ke kama ƙafata a Bungudu, har da samarin ma in za a faɗi gaskiya.

Kaka ba ta hana ni ba. Abu ɗaya ta kafa mini. Ta kama kunnena ta ce, "Mai rigingine kunnenta na cikin ruwa, ba ta jin kowa. Duk hannu goma ki ɗago kai ki saurara." Na yi haka shekara ɗaya. Daga nan na lura duk ɗagowar da na yi ƙafafuna nutsewa suke, sai na sake neman gudu daga farko, sai kawai na daina. Nan take na ƙara sauri, na ga ai na gano abin da tsofaffi ba su sani ba. Da Kaka ta gani ta yi mini faɗa a mashaya, ni kuwa na buɗe wannan bakin nawa na ce mata in ta fi ni sani ta shigo mu gwada. Tsohuwar da ta yanke cibiyata. Ta ɗauki tulunta ta koma gida, kuma ba ta sake bi na bakin gulbi ba har ta rasu. Shi ya sa nake gaya miki, in babba ya kafa miki wata doka da kike ganin ba ta da amfani, kada ki jefar da ita sai kin tambayi wa aka rasa kafin a kafa ta. Ni ban tambaya ba.

Sai kuma Nomau mai kalangu, Allah ya yafe masa, ni har yau ban gama yafewa ba. Shi ya sa mini suna 'Yar Gora, wai ba na nutsewa. In na fito daga ruwa ya biyo ni da kiɗa har ƙofar gida, kaina ya kumbura, ƙasa ma da ƙyar nake taka ta. Awarwaron azurfa da uwata ta ba ni, wanda ita ma tata uwar ta ba ta, na zare na jefa masa a gaban jama'a don a ce ni ce. Inda ya ce a je nan nake zuwa, ran da ya ce a shiga ran nan nake shiga, ko Baba ya so ko bai so ba. Ki dubi mai kiɗan da ke zuga ki yanzu, ki dubi ƙafarsa. A bushe take, kuma a bushe za ta koma gida. Ba ruwansa da ke, in kin fito ya yi kiɗa, in ba ki fito ba ya nemi wata. Ki ba shi goro in kin ga dama, amma kada ki bari ya zaɓa miki ranar shiga ruwa.

Shi ne ya kai ni Tsafe. Mun je bikin dangi, ya bi gari yana cewa 'Yar Gora ta zo, wa ke da ɗiya ya fito da ita. Akwai wani tafki a gindin duwatsu ta hanyar 'Yandoto, nan aka taru. Ni da na saba da gulbi, na dubi tafki na yi tsaki, na ce wannan ai ruwan wanke ƙafa ne. Ban zaga shi ba, ban tambayi kowa ba. Kin san mai rigingine ba ta ganin inda za ta, sai inda ta baro, don haka takan zaɓi wani abu a gaɓar baya ta tsayar da shi tsakanin ƙafafunta don kada ta karkace. A gida wata tsamiya nake ɗauka. A can babu icce kusa, sai na hangi wani farin abu a kan tudu na ce dutse ne, na ɗauke shi. Ashe bijimin wani Bafulatani ne a kwance. Ina tsakiyar ruwa ya miƙe ya kama kiwo, ni kuwa na yi ta gyara jiki ina bin sa, har na lanƙwasa hanya kamar baka na je na buga tsakar kaina da dutsen gaske. Wata 'yar siririyar yarinya da ke iyo kamar kare ita ta riga ni isa. Mutanen Tsafe suka yi dariya har da masu zama ƙasa.

Tabon nan da kike gani in kina mini kitso, na ce miki daga kan jaki na faɗo, ƙarya ce, nan na same shi. Kuma ban tsaya nan ba. Jini na zuba a fuskata na je na mari yarinyar, na ce asiri suka yi mini. Sai da Baba ya bi gida-gida yana ba da haƙuri. Nomau kuwa da muka dawo ya ce ai tafki ba ruwa ba ne, ba a lissafa shi, sai aka bar zancen, ni ma na yarda don ya yi mini daɗi. To ki ji. Duk ruwan da ba ki sani ba, ki taka gaɓarsa da ƙafa tukuna, ki durƙusa ki gaida matan da ke wanki a wurin ki tambaye su, sun fi kowane sarkin ruwa sanin inda rami yake. In an ci ki kuwa ki je ki gaida wadda ta ci ki. Da na koyi wani abu a Tsafe da ba a yi na Gusau ba, amma ni kunya kawai na kwaso, na ƙudura sai na wanke ta.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu.

Kin san ina da ƙanwa Ladi, wadda muka ce miki masassara ce ta kashe ta. Ba masassara ba ce. Shekara biyu na ba ta, tabarma ɗaya muke kwana, ita ke mini kitso, ita ke riƙe mini zane a gaɓa in na shiga ruwa. Ta iya iyo daidai na hayewa, ta ciki take yi, a hankali, kuma tana tsoron jan ruwa. Damina ta uku ce bayan shigowar Nasara, tsakiyar marka, muka zo Gusau dukanmu, a wannan mashigin da za ki shiga ran Juma'a. An kwana bakwai ana ruwa. Gulbi ya yi ja wur, yana kawo itatuwa da saiwarsu. Baba ya tsaya ya dube shi ya ce babu ɗan gidansa da zai shiga, ko gora bai yarda a sa ba, ya juya ya tafi masallaci. Ƙawata da za ta zama ta biyuna ta ce ita ta fasa. Nomau yana kiɗa, 'yan matan Gusau biyu sun riga sun ɗaure zane, ana ta cewa ta Bungudu ta ji tsoro, ai dama an ji labarin Tsafe.

Sai na juya wurin Ladi. Ta ce Baba ya hana. Na ce mata matsoraciya a gaban mutane, na ce ta koma gida ta yi niƙa tunda abin da ta iya ke nan, na ce in an yi mini dariya yau ita ta jawo. Idonta ya kawo ruwa. Ta miƙa wa uwarmu mayafinta, uwarmu na riƙe ta tana fizgewa, ta ɗaure zane ta zo ta tsaya kusa da ni. Ta ce a hankali, "Yaya, in na gaji ki jira ni." Na ce to, ko kallonta ban yi ba.

Muka shiga. Na kwanta, ruwa ya rufe kunnena, duniya ta yi tsit, sai bugun zuciyata. Ban taɓa iyo irin na ran nan ba. Ina kallon gaɓar da muka baro, mutane cike. Da na kai tsakiya sai na ga hannuwa sun tashi sama gaba ɗaya. Na ga maza suna gudu a gaɓa suna nuni, na ga bakuna a buɗe, na ga uwarmu ɗankwalinta ya faɗi tana tsalle tana ɗaga hannu biyu. Kin san abin da na yi? Murmushi na yi. Na ce yau har Inna ta yarda da ni, yau Gusau ta san 'Yar Gora. Na ƙara ƙarfi.

Da bayana ya taɓa yashin wancan ƙetaren na miƙe tsaye na ɗaga hannu, ina jiran guɗa. Ruwa ya tsiyaye daga kunnena, sai na ji abin da suke kira. Ba sunana ba ne.

Wani kututture ne ruwa ya kawo ta ƙasa ya buge ta. 'Yan matan Gusau da ke iyo ta ciki sun gani, sun ji, dukansu biyu sun bar tsere sun juya wurinta, ƙarfinsu ne bai kai ba. Ni kaɗai ce a cikin gulbin nan mai ƙarfin da zai fito da ita, na taɓa fito da ƙato da kayansa, kuma ni kaɗai ce ban juya ba. Wannan shi ne cin da ake ba ki labari, tseren da ni ɗaya nake yi. Daga baya ɗaya daga cikin 'yan matan ta gaya mini, ba don ta ci mini fuska ba, ni na matsa mata. Ta ce tsakanina da Ladi bai fi tsawon tabarma biyu ba, kuma sau uku ta kira Yaya. Da na ɗago kai sau ɗaya tak, da na ji.

Na koma ruwa na yi ta nutso har la'asar, sai da maza suka fito da ni da ƙarfi. Kwana biyu muna bin gaɓa. Makiyaya ne suka same ta a kan yashi dab da Bungudu, ta riga ni isa gida. Baba bai doke ni ba, bai zage ni ba, bai sake ɗaga zancen ba har ya mutu, kuma da ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Uwarmu ta shekara ba ta haɗa ido da ni ba. Nomau kuwa damina na zagayowa yana bayan wata yarinya da kalangunsa, yana gaya mata ta yi ƙoƙari ta kamo 'Yar Gora wadda ba a taɓa ci ba. Tun ran nan ruwan gulbi bai wuce gwiwata ba, kuma ban sake taka wannan mashigin ba.

Bara na bi ki mashaya ba ki sani ba. An gaya mini kina iyo a ɓoye, na laɓe a bayan ciyawa in gani da idona. Na ga kin kwanta rigingine, ba wanda ya koya miki, kina jefa hannu kamar ni. Tunda abin da kike son ji ke nan, to ga shi, kin fi ni. Hannunki ya fi nawa tsawo, ƙugunki ba ya nutsewa, ko a ganiyata ba zan kama ki ba. Amma na tsaya ina ƙirgawa. Goma, ashirin, talatin, har kika haye, kanki bai ɗago ba ko sau ɗaya. Na juya na koma gida. Da kika dawo gida na zane ki da tsumagiya har gwaggonki da ta zo mana ziyara ta yi fushi da ni, kina kuka kina tambaya me kika yi, ni kuwa na ce kawai ba na so. Wannan ma kuskurena ne, kuma ba ƙarami ba. Na zaɓi in doke ki da in buɗe baki in faɗi abin da na yi, don ina tsoron yadda za ki dube ni. Na bar ki da labarin mai kalangu, ga shi ya kai ki inda ya kai ni. Ke in Allah ya ba ki ɗiya, abin kunyarki ki gaya mata da bakinki tun da wuri, kada ta tsinta a kasuwa an gyara shi.

Duk da haka fushina da ke bai huce ba. Me Kulu ta yi miki? Na san iyon Kulu, a gabana ta koya, in ruwa ya kai mata wuya sai ta fara haɗiya. Kuma na san ba da son ranta ta yarda ba, don na san bakinki, irin nawa ne. Wace magana kika gaya mata a gaban ƙawaye? Ki je yau ɗin nan, kafin ki ci abinci, ki ce mata kin janye, ki ba ta haƙuri. Tabawa ɗiya ɗaya gare ta. In kika sa yarinyar nan cikin jan ruwa don a buga miki kalangu, ko kin fito da ita lafiya sai kin gamu da ni.

Ke ma kada ki shiga. Nan Bungudu kwana huɗu ke nan ana ruwa, jiya na ga gulbi ya wuce da rumbun wani, kuma daga wajenku yake zuwa. Ki ce uwarki ta hana, ki ɗora mini laifin, su ce kishi ne, su ce tsufa ne, na ɗauka. Dariyar Gusau ba ta wuce kwana bakwai, ni kuwa abin da nake ɗauke da shi ya haura shekara ashirin.

Amma ni na haife ki, na san taurin kanki, na san inda kika samo shi. Mai yiwuwa ki karanta wannan ki yi kuka, ran Juma'a kuma ki ji kiɗa ki ɗaure zane. Don haka na gaya wa babanki ya shirya jaki, ran Alhamis muna tafe. In na iske kin fasa, mu ci tuwon Tabawa mu dawo. In kuwa kin ƙi ji, zan zo bakin wannan mashigin, in tsaya a gaɓar da za ki baro, gaba da kowa, ƙafata cikin ruwa, inda idonki ba zai rasa ni ba. Duk hannu goma ki ɗago kai, ko da hakan zai sa a wuce ki. Tsakanin ɗagowa da ɗagowa kuwa kada ki dubi taro, ni za ki duba. Ba zan yi guɗa ba, ba zan yi tsalle ba, ko kin bar su da nisan gona hannuwana suna ƙasa, kuma kada ki ce baƙin ciki ne. Muddin suna ƙasa, ki yi ta tafiya. In kika ga na ɗaga su, ba murna nake ba. Ki tsaya ki juya, ko da yashi ya fara taɓa bayanki.

Allah ya tsare ki, ya sanyaya miki zuciya, ya sa ki ji maganata tun kina tudu. Allah ya jiƙan Ladi, ya yafe mini. In kuma an shiga, Allah ya fito da duk wadda ta shiga da ƙafafunta, ko da ke ce ta ƙarshe. Amin.

Wassalam. Uwarki, Hajo.